Yadda za ka ziyarci Rameswaram: haikali, gadar Pamban da garin da teku ya cinye

Rameswaram gari ne a kan tsibirin Pamban, can ƙuryar kudu maso gabashin Indiya, a jihar Tamil Nadu, daf da Sri Lanka. Mabiya addinin Hindu suna ƙirga shi cikin manyan wuraren ziyarar ibadarsu guda 4, tare da Badrinath a arewa, Dwarka a yamma da Puri a gabas. Mutanenmu da ke zuwa Chennai rakiyar marar lafiya, da ɗalibanmu da ke karatu a kudancin Indiya, sukan sami 'yan kwanaki a hannu su rasa inda za su leƙa. Kwana biyu sun wadatar don ganin Rameswaram, amma sai an tsara su da agogo, kuma sai baƙo ya san iyakarsa tun kafin ya taso: garin ibadar wasu ne, akwai inda za a yi maka maraba, akwai inda za a tsayar da kai. Wanda ya zo da wannan sanin zai more tafiyar, domin abin gani a wajen babban haikalin garin, Ramanathaswamy, ya fi na cikinsa yawa.

Mataki na farko: zaɓar lokaci

Daga Janairu zuwa Maris ne lokacin da ya fi daɗi. Damina a wannan gaɓar ba ta zo daidai da ta sauran Indiya ba. Ruwanta mai ƙarfi yana sauka ne daga Oktoba zuwa Disamba, kuma lokacin ne guguwar teku ke tasowa. Daga Afrilu zuwa Yuni kuwa zafi ne mai haɗe da gumi, ga dutsen daɓen haikali da ba ya takuwa da tsakar rana alhali dole a cire takalmi.

Sai ka duba kalandarsu. Ranar da wata ya ɓuya a watannin Thai (tsakiyar Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu) da Aadi (tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta), da kuma wadda suke kira Mahalaya wajen Satumba ko Oktoba, jama'a na kwarara garin don yi wa iyayensu da suka mutu addu'o'i a bakin teku. Haka ma bikin Maha Shivaratri a Fabrairu ko Maris. A irin waɗannan ranaku masauki yana tsada, hanya tana cushewa. In ba cunkoson kake son gani ba, kauce musu. Tsakiyar mako ta fi Asabar da Lahadi sauƙi nesa ba kusa ba.

Mataki na biyu: takardu da guzuri

Katin rigakafin cutar shawara yana cikin abin da Indiya ke nema daga wanda ya taso daga Najeriya, to kada ya rabu da fasfonka. Kowane otal a Indiya wajibi ne ya cike wa baƙon ƙasar waje wata takarda da ake kira Form C ya miƙa wa hukuma, shi ya sa ƙananan masaukai da yawa ba sa karɓar baƙi 'yan waje sam. Ka kira kafin ka biya, ka tambaya ƙarara ko suna karɓar mai fasfon wata ƙasa. Wannan tambaya ɗaya za ta raba ka da yawon neman ɗaki da jaka a ka.

Ka riƙe tsabar kuɗi, rufi ƙanana-ƙanana. 'Yan ƙasa da waya suke biyan komai, har mai sayar da kwakwa, amma tsarin yana buƙatar asusun bankin Indiya, ba kowane baƙo ke samunsa ba. Ruwan tsibirin yana da ɗan gishiri-gishiri, na gora za ka sha. Hula ko laima, takalmin da ke saurin cirewa, da tufafin da suka rufe jiki. Kaftani da abaya ba su da matsala ko kaɗan, gajeren wando ne ake harara.

Abu guda da ke rikita namu: a nan alƙibla tana yamma ne, da ɗan karkata zuwa arewa. Wanda ya saba cewa zai duba gabas sai ya juya. Agogonsu kuma yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 4 da rabi.

Mataki na uku: hanya, da gadar Pamban

Filin jirgin sama mafi kusa shi ne na Madurai, kimanin kilomita 170 daga Rameswaram, tafiyar awa 3 zuwa 4 a mota. Amma ni shawarata jirgin ƙasa. Daga tashar Egmore a Chennai akwai jiragen da ke tashi da yamma su kwana a hanya su iso da asuba ko da safe. Ka sayi tikiti da wuri ta shafin IRCTC, mai sayar da tikitin jiragen ƙasan Indiya, ko a tasha, domin gadajen kwana suna ƙarewa makonni kafin ranar tafiya. In kana da zaɓi, ɗauki jirgin da zai hau gada bayan gari ya waye, ko kuma ka shirya komawarka ta zama da rana.

Dalili shi ne gadar. Bayan tashar Mandapam ƙasa takan ƙare, jirgi ya rage gudu, ka leƙa taga ka ga ruwa ta dama ruwa ta hagu har tsawon kilomita 2. Tsohuwar gadar an buɗe ta a Fabrairun 1914, zamanin Turawan Ingila, kuma ita ce gadar teku ta farko a Indiya. A tsakiyarta an yi ɓangare mai fukafukai biyu da a da ake ɗagawa da hannu don jiragen ruwa su wuce. Gishirin teku ya ci ƙarfenta har aka dakatar da jirage a kanta a Disambar 2022. Sabuwar da aka gina a gefenta Firaminista Narendra Modi ya buɗe ta ranar 6 ga Afrilun 2025. Tsakiyarta, mai tsawon mita 72 da ɗoriya, tana tashi sama gaba ɗaya kimanin mita 17. Wurin yana da iska ƙwarai, kuma akwai na'urar da ke tsayar da jirgi in iskar ta wuce ƙima, don haka in kun daɗe tsaye a Mandapam ko Pamban ba lalacewa ba ce.

Mai zuwa a mota zai bi gadar titi da aka buɗe a 1988, wadda ta fi ta jirgi tsayi. Daga kanta ake hango kwale-kwalen masunta jere a bakin garin Pamban, masu launi iri-iri. An hana tsayar da mota a kan gadar, kodayake za ka ga masu yi. Ka sa direba ya ajiye ka a ƙarshenta ka taka da ƙafa.

A cikin gari a-daidaita-sahu ne abin hawa. Ku gama ciniki kafin ka hau. Ka kira direba "anna", wato yaya, ka gaishe shi da "vanakkam", ka tambayi kuɗi da "evvalavu", ka yi godiya da "nandri". Yarensu Tamil ne, kuma suna alfahari da shi. Hindin da wasunmu suka tsinta a fina-finai zai yi aiki kusa da haikali saboda yawan maziyarta daga arewa, amma ba shi ne harshen gida ba.

Mataki na huɗu: asuba a Agni Theertham

Ka sauka a masauki kusa da haikali in kana son ganin garin a farke, ko a kan hanyar shigowa gari in barci ya fi maka. Ko ina ka kwana, bayan sallar asuba ka nufi gabas da haikalin, tafiyar 'yan mintuna, zuwa bakin ruwan da ake kira Agni Theertham. A nan ziyararsu take farawa.

Tekun nan kwance yake, ba igiya, ba zurfi. Za ka tarar da iyalai sun shiga har ƙugu da tufafinsu, suna nutsa kai suna ɗagowa. A kan matakala, malaman addininsu, ƙirji a buɗe da zare rataye a kafaɗa, sun zauna gaban mutane ɗaya-ɗaya, ga ganyen ayaba an jera dunƙulen shinkafa da riɗi a kai, malami yana karantawa mai ziyara yana maimaitawa yana ambaton sunayen kakanninsa. Shanu na ratsawa tsakanin mutane suna neman abin da aka bari. Da yawan waɗanda kake gani makoki ne ya kawo su, wasu da tokar mamacinsu suka zo. Saboda haka ka tsaya daga gefe, kada ka cusa waya a fuskar kowa, kuma kada ka ɗauki hoton mata masu wanka. Ba wurin iyo ba ne, ruwan ma bai da tsabtar da za ta ja hankalinka.

Don ka gane abin da kake kallo, ga labarin yadda suka yi imani da shi. A cikin Ramayana, tsohon littafin labarin addininsu, Ravana sarkin Lanka ya sace Sita matar Rama. Rama ya zo wannan gaɓa da rundunar birai, cikin manyansu har da Hanuman, suka gina gadar duwatsu suka haye, aka yi yaƙi, Ravana ya mutu. Labarin da ake bayarwa a Rameswaram ya ƙara da cewa, da yake Ravana ɗan gidan Brahmin ne, wato zuriyar malaman addininsu, kashe shi zunubi ne da ke buƙatar kaffara, sai Rama ya ƙudura bauta wa Shiva, ɗaya daga manyan abin bautarsu, a nan. Ya aiki Hanuman dutsen Kailash ya kawo lingam, dutsen da ke wakiltar Shiva. Hanuman ya makara, Sita ta mulmula ɗaya da yashi aka yi ibada da shi. Da Hanuman ya iso ya ji haushi, sai Rama ya ce daga yau nasa za a fara gaisarwa. Har yau haka ake yi: akwai lingam biyu a ciki, kuma na Hanuman ake fara yi wa hidima. Wannan labari ne ya sa masu bin Shiva da masu bin Vishnu, wanda suka yi imani shi ne ya zo duniya a siffar Rama, duk suke ɗaukar wurin a matsayin nasu. Akwai kuma tsohuwar al'adar ɗibar yashi daga nan a kai kogin Ganga a arewa, a ɗebo ruwan Ganga a dawo a zuba a kan lingam, tafiyar dubban kilomita zuwa da dawowa.

Mataki na biyar: haikalin Ramanathaswamy, da inda za ka tsaya

Ana buɗe haikalin da asuba, a rufe wajen ƙarfe 1 na rana, a sake buɗewa wajen ƙarfe 3 har zuwa dare. Waya da kyamara ba sa shiga. Ka bar su a masauki ko a wuraren ajiya da ke bakin ƙofa, haka takalmi.

Ga batun iyaka. Can cikin ɗakin da lingam yake na mabiya Hindu ne kaɗai. A Janairun 2024 reshen Madurai na babbar kotun Madras ya ba da umarnin a kafa alluna a haikalan jihar da ke cewa wanda ba Hindu ba kada ya wuce sandar tuta, wadda suke kira kodimaram. Yadda ake zartar da wannan ya danganta da wanda ka tarar a ƙofa. Ka gaya wa ma'aikaci kai baƙo ne, ba Hindu ba, ka tambayi inda aka yarda ka kai, ka tsaya a nan. Za ka haɗu da 'yan kamasho da za su ce in ka biya za su shigar da kai har ciki. Kada ka yarda. Ba mutunci ba ne ka yi shigar burtu cikin ibadar mutane, kuma Musulmi ko Kirista ba shi da abin yi a wurin. In wani ya miƙo maka toka ko jan gari na shafawa a goshi, ɗora hannu a ƙirji ka girgiza kai cikin fara'a ya wadatar. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ba sam, ya zagaya titunan nan 4 da suka kewaye ginin. Zai ga dogayen hasumiyoyin ƙofofi, da karusan katako da ake jan gumaka a kansu ranar biki, ya wuce abinsa bai yi asarar tafiya ba.

In an bar ka ka shiga barandar waje, ita ce abin da ya sa masana gini ke ambaton wannan wuri. Ana cewa babu haikalin da ya kai ta tsawo a Indiya. Ginshiƙan dutse fiye da 1,200 ne jere a kan dakali, hagu da dama, rufin an zane shi da da'irori masu launi, in ka tsaya a wannan baki sai ka ga ɗaya bakin ya tsuke ya zama ɗan haske. Ka tuna tsibirin yashi ne da murjani, ba shi da irin wannan dutse. Ta ruwa aka yi ta jigilarsa. Ginin bai tashi a zamani ɗaya ba. Ana danganta tsohon ɗakin ciki da ƙarni na 12, har da hannun Parakramabahu sarkin Sri Lanka, amma yawancin abin da ido ke gani aikin sarakunan Sethupathi ne na Ramanathapuram, waɗanda suka ɗauki tsaron hanyar maziyarta a matsayin gadon gidansu tun farkon ƙarni na 17. Babbar barandar an kammala ta a ƙarni na 18, zamanin Muthuramalinga Sethupathi.

Daɓen a jiƙe yake kullum, ka taka a hankali. Abin da ke jiƙa shi rijiyoyi 22 ne da ke cikin harabar. Mai ziyara yakan fito daga teku da jiƙaƙƙun kaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A bakin kowace akwai ma'aikaci tsaye a kan katangar rijiya da ƙaramin guga na ƙarfe da igiya. Ya jefa, ya janyo cikin ƙiftawar ido, ya kwara wa mutum uku ko huɗu a ka, su ruga zuwa ta gaba suna rawar ɗari, tsofaffi na riƙe da hannun jikoki. Sun ce kowace rijiya ɗanɗanon ruwanta daban. Bayan ta ƙarshe sai a sauya busassun kaya, domin ba a shiga wurin lingam a jiƙe.

Mataki na shida: unguwar masallaci

Daga haikali zuwa gidan su A.P.J. Abdul Kalam, tsohon shugaban ƙasar Indiya, tafiyar minti 10 zuwa 15 ce a ƙafa, a titin da ake kira Mosque Street. A nan aka haife shi ranar 15 ga Oktoban 1931. Mahaifinsa Jainulabdeen limami ne kuma mai jirgin ruwa, sana'arsa ɗaukar maziyartan Hindu zuwa Dhanushkodi da dawo da su. Kalam ya ba da labarin cewa babban malamin haikalin, Pakshi Lakshmana Sastry, aminin mahaifinsa ne, sukan zauna su tattauna al'amuran addini, kuma gidansu ne ke tanadar jirgin da ake ɗora gumaka a wani bikin shekara-shekara. Yaron da ya yi tallar jarida a waɗannan tituna shi ya zama jigo a aikin roka da makamai masu linzami na Indiya, sannan shugaban ƙasa daga 2002 zuwa 2007. An mai da saman gidan wurin adana kayan tarihinsa, kuma masallacin unguwar yana nan kusa, inda za ka yi azahar. Musulmin wannan gaɓa galibi Shafi'awa ne, za ka ji an bayyana bisimilla a sallah, an yi ƙunuti da asuba.

A unguwar nan da kewayen tasha ne za ka sami naman halal, biryani da parotta. Gidajen abincin da ke kewaye da haikali ba sa dafa nama ko kifi, amma kada ka raina su: idli da dosa da safe, da rana kuma shinkafa a kan ganyen ayaba da miya kala-kala ana ƙara maka har ka naɗe ganyen.

Kusa da tashar jirgin ƙasa akwai wata hubbare mai dogayen kaburbura biyu da mutanen gari ke cewa na Habila da Ƙabila ne, 'ya'yan Annabi Adamu. Babu wata hujja a kan haka, labarin gari ne, amma ba daga sama ya faɗo ba. Tsofaffin marubutan Musulmi sun ruwaito cewa a tsibirin Sarandib, wato Sri Lanka, aka saukar da Annabi Adamu, shi ya sa jerin tudun yashi da duwatsun da ya taso daga nan zuwa can, kimanin kilomita 48, taswirorin Turawa ke kiransa Gadar Adamu, Hindu kuma suna kiransa Rama Setu. Ibn Battuta, wanda daga baya ya zo Takedda a ƙasar Nijar ta yau har ya ambaci Gobir, ya hau dutsen Adamu a Sri Lanka a 1344, kuma a hanyarsa ta hayowa wannan gaɓar ta Tamil jirginsa ya lalace.

Kalam ya rasu ranar 27 ga Yulin 2015, aka binne shi a Pei Karumbu, kan hanyar Pamban. An buɗe ginin tunawa da shi a wurin a 2017. Ka bar shi sai ranar fita, tunda a kan hanya yake.

Mataki na bakwai: Dhanushkodi

Wannan ne zuciyar tafiyar, ka ba shi rabin yini cur. Ka tashi da sassafe a rana ta biyu, ko ka fita wajen ƙarfe 2 na rana, domin 'yan sanda suna sallamar mutane daga can kafin duhu, kuma babu wurin kwana. Kimanin kilomita 20 ne daga gari. Akwai bas na gwamnati, akwai a-daidaita-sahu da tasi. In shata ka ɗauka, ku yi magana a kan zuwa, jira da dawowa gaba ɗaya.

A hanya za ka ga wani ɗan titi ya ratsa cikin fadama zuwa haikalin Kothandaramaswamy, inda suka ce Vibhishana ƙanin Ravana ya yi wa Rama mubaya'a. Daga Disamba zuwa Maris tsuntsayen ƙaura, har da flamingo, sukan sauka a fadamun nan. Daga nan ƙasa sai ta yi ta tsukewa har ta koma titi ɗaya da teku biyu: ta hagu mashigin Palk, shiru kamar tafki, ta dama mashigin Mannar, yana tumbatsa yana dukan duwatsu.

Kafin 1964 Dhanushkodi gari ne mai tashar jirgin ƙasa, tashar jirgin ruwa, ofishin kwastan, gidan waya, makaranta da asibiti. Jirgin da ake kira Boat Mail yakan taso daga Madras, wato Chennai ta yau, ya sauke fasinja a nan su hau jirgin ruwa zuwa Talaimannar a Sri Lanka, da tikiti ɗaya har Colombo. A daren 22 wayewar 23 ga Disambar 1964 guguwa ta taso da igiyar ruwa mai tsayin kusan mita 7. Jirgin fasinja mai lamba 653 da ya taso daga Pamban yana daf da shiga tasha ruwa ya tafi da shi, mutum fiye da 100 da ke ciki ba wanda ya tsira. An ƙiyasta waɗanda guguwar ta kashe gaba ɗaya da kusan 1,800. Gwamnatin Madras ta ce garin bai ƙara zaunuwa ba. Gadar Pamban ma ta karye, wani matashin injiniya, E. Sreedharan, ya gyara ta cikin kwana 46. Shi ne daga baya ya jagoranci gina hanyar jirgin ƙasa na cikin birnin Delhi.

Abin da ya rage za ka taka shi da ƙafarka. Gaban cocin yana tsaye ba rufi, kuma in ka matsa kusa za ka ga bangon da murjani aka gina shi, ramukansa a fili inda siminti ya zube. Ga ginshiƙan tankin ruwan tasha, ga bangayen da yashi ya binne rabinsu. A tsakankaninsu masunta sun kafa bukkokin ganyen kwakwa, mata na sayar da sarƙoƙin kwanson teku, wasu na soya kifin da aka kamo da safe, an shafe shi da jan barkono. Ka nuna wanda kake so, ka ji kuɗinsa kafin ya shiga mai. Kada ka hau kan bangayen, sun ruɓe. Kada kuma ka sayi murjani ko ka tsinta, domin yankin yana cikin gandun tekun Mannar da doka ta kare, mai tsibirai 21, kuma fita da shi laifi ne.

Titin ya ƙare a Arichal Munai, 'yan kilomita gaba da kangon. Kafin a kammala shi wajen 2017, sai da motoci masu ƙarfi ake ratsa yashi da ruwa. A nan tekun biyu suke haɗuwa, Sri Lanka na can gaba kimanin kilomita 30, ba a ganinta da ido, amma wayarka tana iya kama layinsu, don haka ka kashe yawon layi, wato "roaming". Kada ka shiga ruwa a nan ko da ka iya iyo. Ƙarƙashinsa yana ja, yashin kuma yana zaftarewa.

Wannan ɗan ruwa mara zurfi ya daɗe yana jawo rigima. Manyan jirage ba sa iya ratsa shi, sai sun zagaye Sri Lanka. A 2005 aka ƙaddamar da aikin haƙa hanya mai suna Sethusamudram, ƙungiyoyin Hindu suka ce za a rusa gadar Rama, masu kare muhalli da masunta suka ce za a kashe musu teku, kotun ƙoli ta dakatar da haƙar a 2007. Masuntan Rameswaram kuma har yau sojojin ruwan Sri Lanka na kama su kan zargin tsallaka iyaka, musamman wajen tsibirin Katchatheevu da Indiya ta amince na Sri Lanka ne a 1974. In hira ta kai ku nan da direbanka, ka saurara kawai; kusan kowa a garin yana da wanda abin ya shafa.

In wanka kake so

Ariyaman, a babban yanki kafin a hau gada, ita ce gaɓar da iyalai ke zuwa: ruwa kwance, ga inuwar itatuwa. A kan tsibirin akwai Kunthukal kusa da Pamban, inda aka gina wurin tunawa da Swami Vivekananda, malamin addinin Hindu, wanda ya sauka a nan a Janairun 1897 bayan dawowarsa daga Amurka da Turai. Sarkin Ramanathapuram, Bhaskara Sethupathi, yana cikin waɗanda suka ƙarfafa masa zuwa taron addinai na Chicago a 1893. Mata a nan da tufafinsu suke shiga ruwa, saboda haka matanmu ba za su ji sun fita daban ba.

Sauran ƙananan wurare ka haɗa su a zagaye ɗaya na awa biyu. Gandhamadhana Parvatham tudu ne mafi tsayi a tsibirin, daga samansa ana ganin gari duka. Villoondi Theertham rijiya ce a ƙarshen wata siririyar gada cikin teku, wadda ake ɗebo ruwan da bai kai na kewayensa gishiri ba. A haikalin Hanuman mai fuska biyar za a nuna maka duwatsu masu yawo a kan ruwa a ce da irinsu aka gina gadar Rama. Duwatsu ne masu ramuka da iska a ciki. Wanda lokaci ya ƙure masa ya tsallake wannan zagayen bai rasa abu mai yawa ba.

Mataki na ƙarshe: hanyar komawa ta Kilakarai

In ta Madurai za ka koma a mota, kada ka miƙe kai tsaye. Ramanathapuram na da nisan kimanin kilomita 55 daga Rameswaram, kuma a nan fadar Sethupathi take, Ramalinga Vilasam, mai zane-zanen bango na yaƙe-yaƙe da zaman fada. Daga nan ka karkata kudu, tafiyar kamar rabin awa, zuwa Kilakarai, tsohon garin fataken Musulmi da suka yi cinikin lu'ulu'u da kwanson teku da Larabawa da Sri Lanka ɗaruruwan shekaru. Tsofaffin masallatansu da dutse aka gina su, da ginshiƙai sassaƙaƙƙu irin na haikalan yankin, sai dai babu siffar mutum ko dabba, fure ne da ganye. Attajirin garin na ƙarni na 17, Shaikh Abdul Ƙadir da ake kira Seethakathi, na hannun daman sarkin Sethupathi ne, kuma har yau Tamilawa na buga misali da kyautarsa. A nan kuma kabarin malamin nan Sadaƙatullah Appa yake. Malaman wannan gaɓa sun rubuta Tamil da haruffan Larabci, suna kiran rubutun Arwi, abin da duk wanda ya san ajami zai gane da gani ɗaya. In ranar ta dace da Juma'a, ka bar Rameswaram wajen ƙarfe 9 na safe, ka tsaya Pei Karumbu, ka sami salla a Kilakarai, ka isa Madurai kafin isha'i.